Fita Waje Ka Kira Ni

Akwai wani injiniyan sadarwa da abokan aikinsa suke kira Sha-Yanzu. Sunan bai zo a banza ba. Idan layin waya ya mutu a unguwa, kafin mai ƙorafi ya gama kora bayani shi har ya gano inda cutar take, sha yanzu magani yanzu. Ya yi shekaru yana hawa turakun waya, ya san tsohon layi kamar yunwar cikinsa.

Aikinsa dai ba wanda ya isa ya kushe. Abin kushewar shi ne girman kai, wanda masu iya magana suka ce rawanin tsiya ne. Shi kam ya naɗa abinsa har da kunnuwa biyu.

Yana da ƙanwa, autar gidansu. Tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe ta, shi ke kai ta makaranta a bayan babur, shi ya fara ɗora mata filaya, ƙarfen matse waya, a hannu tana 'yar mitsitsiya. Ta girma ta karanci sadarwa ita ma, sai dai ita sabuwar hanya ta bi, wadda murya da bidiyo da saƙo duk suke tafiya ta intanet. Kamfani ɗaya suke aiki, shi a fagen gyara, ita a cibiyar horar da ma'aikata.

Sai zamani ya juya. Kamfanin ya yanke shawarar sallamar tsohon layi. Aka ce duk ma'aikacin fasaha, babba da ƙarami, sai ya zauna a aji an koya masa sabon tsari, malami ya sa masa hannu a takardar shaida, sannan ya fita aiki. Kun san wa aka ba ajin manyan injiniyoyi? Auta.

Ranar farko Sha-Yanzu ya shigo a makare, ya wuce can kujerar baya ya harɗe hannuwa. Akwai wani tsohon abokin aikinsa mai barkwanci, ana ce masa Dogo, ya waiwayo yana dariya.

"Babban yaya, matso gaba mana. Gemu ba ya hana ilimi."

"Ilimin da na biya hanyarsa da gumina?" in ji Sha-Yanzu. "Daga nan ma ina ji."

Auta ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗaga wayar tebur guda ta nuna wa ajin.

Ta ce, "A tsohon layi, igiyar da ta kawo ƙararrawa ita ke kawo murya. In waya ta yi ƙara, magana za ta wuce. A nan ba haka ba ne. Ƙararrawa hanyarta daban. Murya kuma ana yanka ta gunduwa-gunduwa a aika, mai tafiya da hanyarta, mai dawowa da tata. A tsakani akwai katangar tsaro da ke gadin intanet ɗin kowane gini. Tana iya barin ƙararrawa ta shiga, ta tare muryar ɓangare ɗaya. Waya za ta yi ƙara, fitila ta nuna kore, a ɗauka, wani yana ta zuba magana ɗayan bai ji komai ba."

Saboda haka take da wata doka da ba ta ɗaga wa kowa. Duk wanda ya gama haɗa na'ura, sai ya fita daga ɗakin, ya ja ƙofa, ya sauka har wurin ajiye motoci, ya kira da wayarsa ta hannu. Zai faɗi maganar da na ciki ba zai iya canka ba, na ciki ya maimaita masa, sannan shi ma ya faɗi tasa a maimaita. Dalilinta mai sauƙi ne. In kana tsaye kusa da mutum ka ce "kana ji na?", ai zai ji ka ko da wayar ta mutu, don iska ta kawo masa muryarka.

Ɗalibai suka sa wa abin suna gwajin bayan ƙofa, ita kuma suka raɗa mata Malama Bayan-Ƙofa. Gwajin ya zama wurin raha. Wata rana Dogo ya sauka ƙarƙashin bishiya ya kira, ya ce, "Surukata ta fi kowa kirki a duniya." Wanda ya ɗauka ya juyo ya ce, "Malama, layin nan da matsala. Ƙarya zalla nake ji." Har Auta sai da ta dafa tebur don dariya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sauka ba. Duk ranar gwaji sai Sha-Yanzu ya sami uzuri, ko ya tura wani. A gaskiya kuma, kada mu ci haƙƙinsa, ya fi kowa saurin ɗaukar karatun. Abin da wasu ke kwana biyu suna lalube shi kafin a tashi ya haddace. Auta tana ganin haka tana jin daɗi a ranta, don yayanta ne, tana kuma alfahari da shi.

Ranar jarrabawar ƙarshe ya riga kowa gamawa. Ya zaro wayarsa yana tsaye a bakin tebur ya kira. Wayar tebur ta yi ƙara, Dogo ya ɗauka.

"Kana ji na?"

"Ina jin ka."

"Shi ke nan." Ya mayar da waya aljihu ya miƙa wa Auta takardarsa.

Ba ta karɓa ba. Ta ce a hankali, "Yaya, saura fita."

Ya juyo ya dube ta.

"Me kika ce?"

"Saura ka sauka ka kira. Kowa a nan ya yi."

"Ni za ki ce wa in fita waje? A gaban mutane?"

"Ba korarka nake ba, Yaya. Aikin ne haka."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Auta, kina zanen goyo nake sauraron layi. Kunnen nan da kike gani, daga ƙarar waya yake gane lafiyarta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau turken waya ba zai hango ba."

"Wancan layin ka sani, Yaya, kuma ba wanda ya kai ka. Wannan kunnenka bai saba da ƙaryarsa ba tukuna."

"Ni na koya miki riƙe filaya!"

"Kai ka kuma koya mini kada in sauko daga aiki sai na tabbatar. In ba ka fita ba, ba zan sa hannu ba."

Ya ajiye takardar a kan tebur ya fice, ya bugo ƙofa har allo ya girgiza. Dogo ya matso ya rage murya.

"Malama, ki duba fa. Haɗinsa daidai yake, kowa ya gani."

"Na sani, Baba Dogo. Yau daidai ne, a cikin aji. Gobe asibiti za a tura shi, ba na tsaye a kansa. Halin da ya fita da shi daga nan da shi zai yi aiki."

Kafin la'asar Manajan cibiya ya aiko kiranta. Mutum ne mai son a gama a wuce wurin. Kamfanin ya karɓi kwangilar sauya wayoyin wani asibiti, har da layin kiran gaggawa, kuma Sha-Yanzu aka ware ya jagoranci aikin.

"Malama, ki sa hannu mu huta. Mutumin nan ya fi ki shekaru a aiki, ya fi ni ma."

"Ranka ya daɗe, matakala ce kawai zai sauka. Ya sauka ya kira, yanzu in sa."

"Ya rantse ba zai sauka ba."

"To ni ma hannuna ba zai sauka a takardar ba."

Manaja ya cire tabarau ya dube ta. "Kin san fa ba ke kaɗai ce malama a nan ba. Zan iya karɓe ajin."

Ajin nan shi ne abin da ta fi so a duniyar aikinta. Amma ta tsaya ƙyam. "Ajin naku ne, ranka ya daɗe, ku ba wanda kuka ga dama. Hannun nawa ne."

Wannan mai sauƙi ne a kan abin da ta tarar a gida. Labari ya riga ta isa wurin mahaifiyarsu. Ta sami Inna zaune a tabarma a tsakar gida, ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta amsa a daƙile.

"Auta, abin da nake ji gaskiya ne? Yayanki kika tozarta a bainar jama'a?"

"Inna, ban tozarta shi ba. Dokar aiki ce, kowa ya bi."

"Shi kowa ne? Wanda ya zame miki uba? Ki je gobe ki sa masa hannu, ki ba shi haƙuri."

Hawaye suka cika idon Auta. Ba ta taɓa ce wa Inna a'a ba tunda ta yi wayo. "Haƙuri zan ba shi ko sau nawa ne, Inna. In ya ce in kwanta ya taka, zan kwanta. Amma in ce na ga ya yi abin da bai yi ba, wannan ki gafarce ni. Wayar marasa lafiya zai je ya haɗa."

Inna ta kau da kai. "Taurin kan ubanku ne kuka raba biyu, kowa ya ɗauki rabi. Tashi ki ba ni wuri."

Washegari aka karɓe ajin. Wani malami ya sa wa Sha-Yanzu hannu ko kallon takardar bai yi ba. Ita kuma aka tura ta ɗakin ajiyar kaya, tana kaɗe ƙura daga tsofaffin na'urori tana naɗe kebul. Masu baki suka samu abin yi. In sun wuce sai ka ji ana cewa, "Yau dai Malama Bayan-Ƙofa ita ce a bayan ƙofa."

Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarami ba. Wanda ya fi ciwo shi ne ta gaida yayanta a harabar kamfani ya wuce kamar iska ce ta kaɗa. Ta shiga ɗakin ajiya ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito da kai a sama. Manaja ya sake aiko mata cewa in ta rubuta ban-haƙuri za a mayar mata da aji. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa ina gaisuwa, kebul ɗin ma ba su gama naɗuwa ba."

Sha-Yanzu kuwa ya je asibiti ya yi aiki irin nasa, tsaf kuma da sauri. Wayoyin ɗaki zuwa ɗaki suna magana garau, likitoci har da kiran bidiyo tsakanin sassa. Da ya zo kan layin gaggawa, wanda mutanen gari ke kira daga waje, ya tsaya a gaban teburin nas ya zaro wayarsa ya kira. Ta yi ƙara, nas ta ɗauka.

"Kina ji na?"

"Ina jin ka sarai."

Yo ina za ta ƙi ji, yana tsaye a kanta? Ya tattara kayansa ya tafi, aka yi ta yaba masa.

Washegari ranar hutu ce. Da hantsi ya je gaida Inna, a ƙafa, don motarsa tana wurin bakanike. Suna cikin hira ta miƙe za ta ɗauko masa ruwa, sai ta yi tangaɗi ta zube. Dama tana fama da hawan jini. Bakinta ya karkace, magana ta ƙi fita.

Ya danna lambar gaggawa ta asibitin, lambar da shi da kansa ya haɗa. Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Sashen gaggawa ne, muna ji."

"Ku turo mota! Mahaifiyata ce ta faɗi!"

"Muna ji. Wa ke magana?"

"Ni ne injiniyan jiya! Mota, don Allah!"

"Ba a magana?" Ƙit, aka ajiye.

Ya sake kira. Wannan karon ihu yake yi har maƙwabta suka fara leƙowa. Ya ji nas ɗin tana ce wa wata a gefenta, "Ga su nan kuma. Tun jiya haka suke yi, a kira a yi shiru. Mutane dai ba su da aikin yi." Ta ajiye.

Nan take ya gane. Ba sai an gaya masa ba. Ƙararrawa ta shiga, muryarta ta fito, tasa katanga ta tare. Tun jiya. Kenan duk waɗanda nas take kira marasa aikin yi mutane ne irinsa, riƙe da wani nasu, suna ihu ba a ji.

Wani maƙwabci ya fito da motarsa aka saka Inna. A hanya Sha-Yanzu ya kira lambar da ya yi kwanaki yana ƙin ɗauka.

"Auta, Inna ce. Ki same mu a asibiti." Muryarsa ta karye. "Ki taho da kwamfutarki."

Ba ta tambaye shi dalili ba, ta gane.

Aka shige da Inna ciki aka rufe ƙofa. Yana tsaye a gaban teburin nas bai san inda zai sa kansa ba, sai wayar gaggawa ta yi ƙara. Nas ta ɗauka ta saurara, ta taɓe baki za ta ajiye. Ya daka tsalle ya riƙe hannun wayar.

"Kar ki ajiye! Akwai mutum, yana jin ki, ke ce ba kya jin sa. Karanta masa lambar wayarki ta hannu, ki ce ya kira nan."

Nas ta dube shi kamar mahaukaci, amma ta karanta. Kafin ta rufe baki wayar aljihunta ta ɗauki ƙara. Wani magidanci ne, matarsa na naƙuda jini ya ɓalle, ya ce tun ɗazu yake kira ana kashe masa. Aka tura mota a guje. Nas ta juyo ta kalli Sha-Yanzu, shi kuma ya kasa ɗaga ido.

Auta ta iso a firgice. Ta fara leƙa Inna, likita ya ce a jira a waje. Daga nan ta nemi mai kula da kwamfutocin asibitin ya buɗe mata ɗakin na'urori, ta zauna a ƙasa ta ɗora kwamfuta a cinya. Gyaran bai kai a sha shayi ba. Hanya ɗaya ce a rufe a katangar tsaro, ta buɗe ta. Yayanta na tsaye a bakin ƙofa yana jiran ta ce "ai na faɗa maka". Ba ta ce ba.

Ta dawo teburin nas ta ce, "An gama. Saura gwaji." Ta fara waige-waigen wanda za ta tura.

"Ni zan fita," in ji Sha-Yanzu.

Ya sauka matakala, ya wuce wurin ajiye motoci, ya fita ƙofar asibitin, ya tsallaka titi ya tsaya a rana. Wayar gaggawa ta yi ƙara, Auta ta ɗauka.

"Auta, kina ji na?"

"Wannan ba ta cikin gwaji, Yaya. Faɗi abin da ba zan iya canka ba."

Tana jin ƙarar motoci a bayansa, tana jin numfashinsa.

"Ki yafe mini."

Ta runtse ido, hawaye suka zubo. Ta maimaita kamar yadda doka ta ce. "Ka ce in yafe maka. Lallai wannan ban canka ba."

"Saura naki."

"Na yafe, Yaya. Maimaita in ji."

"Kin yafe," ya ce, yana kuka a bakin titi da gemunsa.

Inna ta tashi, alhamdulillahi, sai dai hannunta na hagu bai koma kamar da ba. Da motar ta zo da wuri, da hakan bai faru ba? Allah ne masani, likita ma bai yanke ba. Amma duk ranar da Sha-Yanzu ya ga tana ɗaukar kofi da hannu ɗaya, tambayar tana dawo masa sabuwa.

Da aka koma aiki ya shiga ofishin Manaja ya ajiye takardar shaidarsa a kan tebur. Ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, ban ci ba." Manaja ya so a rufe maganar a mayar da Auta aji shiru-shiru. Da aka kira ta ofishin, ta ce za ta koma, da sharaɗin gwajin bayan ƙofa ya zama dokar kowane aji, kuma a sake gwada duk wurin da aka haɗa ba tare da shi ba. Manaja ya buɗe baki zai yi ciniki, ta miƙe ta ce kebul na jiran ta. Ya ce ta zauna, ya amince.

Ranar da ta dawo aji ta tarar da yayanta a kujerar gaba. Da lokacin gwaji ya yi, kafin ta tambayi wa zai sauka har ya kai bakin ƙofa. Dogo ya ɗaga murya ya ce, "Babban yaya, a hankali dai, matakalar ba guduwa za ta yi ba."

Darasi: Wanda ya tsaya a kan gaskiyar aikinsa ba ƙiyayya yake maka ba, ko da ƙaninka ne, ko da a gaban mutane ne. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba don kunya ko don tsoron rasa kujera, domin wanda zai biya kuɗin kunyar taka yana can yana kira ba a ji. Kai kuma mai ƙwarewa, kada girman kai ya hana ka sauka matakala ɗaya. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman wanda kuka san ya fi ƙarfin a ce masa "saura gwaji".